Sabon Inji, Tsohon Jiki

Auta: Salamu alaikum. Inna?

Inna: Wa alaikumus salam. Auta, ke ce? Kina ji na?

Auta: Ina jin ki. Ina wuni, Inna?

Inna: Lafiya lau. Ya aiki? Ya masu jiki a asibitin naku?

Auta: Da sauƙi, alhamdu lillahi. Ya ƙafar taki?

Inna: Ƙafa tana nan yadda kika bar ta. Ya maigidan? Ya mai sunana, ta daina cin ƙasa?

Auta: Ta daina, yanzu takalmi take ci. Ya Yaya da iyalinsa?

Inna: Suna nan.

Auta: Inna, yau ke da kanki kika kira, ba filashin? Kashe in kira ki.

Inna: Kar ki kashe mini. Ni ma na san hanyar mai sayar da kati.

Auta: To, Allah ya ba ki haƙuri. Lafiya dai? Muryarki wani iri.

Inna: Lafiya ƙalau. Rana ce ta dake ni. Sun kama Dattijuwa.

Auta: Wace dattijuwa? Ta gidan bayanku?

Inna: Ke dai Allah ya shirye ki. Motar ubanki! Motar da yayanki ke haya da ita. Tun safe jami'an kula da motoci suka tare shi a gadar kasuwa, suka sauke fasinja, suka ja ta zuwa filinsu.

Auta: Inna lillahi! Me ya kai shi cikin gari? Ai ya san dokar nan ta hana tsofaffin motoci shiga.

Inna: Ni na ce ya shiga. Dokar me ake ce mata?

Auta: Dokar hayaƙi.

Inna: Yawwa, da bakinki. Rediyo ya ce hayaƙi, 'yan tasha suka ce hayaƙi, ke ma da kika zo kika cika mini kunne da hayaƙi. To na cire hayaƙi. Na sa mata inji.

Auta: In ji wa?

Inna: Inji! Inji na ce!

Auta: Eh, in ji wa? Layin yana yankewa.

Inna: Injin mota, kurma! Sabo fil, a kwalinsa. Kwana uku ina ciniki da mutumin, sai da ya rantse bai taɓa ganin mace irina ba.

Auta: Sabon inji? Da me kika saya?

Inna: Na sayar da inji na sayi inji.

Auta: Injin markaɗen? Inna! Shi ne fa sana'arki!

Inna: Nawa ne, ba na wani ba. Kuma an kai ta gwaji. Suka zura mata wata roba a salansa, yayanki ya taka mai har ƙasa, ko ƙura ba ta fito ba. Mai gwajin da kansa ya ce ta fi tasa motar tsabta. Ya ba mu takarda mai tambari.

Auta: To me ya sa suka kama ta?

Inna: Abin da na je na tambaya ke nan. Na sa mayafina na tafi filin. Wani mai hula ya ɗaga kujerar direba, ya nuna mini wasu lambobi da aka buga a jikin ƙarfe, ya ce nan ake karanta shekarun mota. Wai ta haura ashirin. Na ce inji fa sati biyu gare shi. Ya ce su jiki suke dubawa. Na ce jiki ne ke hayaƙi? Ƙofa ce ke hayaƙi ko taya?

Auta: Ai dokar kashi biyu ce, Inna. Akwai gwaji, akwai shekaru. Da kin tambaye ni...

Inna: Da sun ce dokar tsufa, ai da na gane. Da na zauna a gida, tun da ni ma ta shafe ni.

Auta: Ba haka ba ne. Dokar nan don lafiyar mutane aka yi ta. Ni nake ɗakin masu ciwon ƙirji, ni nake ganin yara ana sa musu robar numfashi. Tun da aka fara, waɗanda ake kawowa daga cikin gari sun ragu.

Inna: Sun ragu? Madalla. Ki gyara gadajen, namu na tafe.

Auta: Kamar yaya?

Inna: Motocin da aka kora daga cikin gari, sama suka hau? Duk hanyar bayan gari suka dawo, ta bayan tagata. Daga asuba har magariba. In na shanya farin zani, toka-toka nake kwashe shi. 'Yar yayanki sati biyu tana tari kamar tsohuwar akuya. Tafiyar da ake yi a miƙe, yanzu sai an zagaye gari kaf, a ƙona mai ninki biyu, fasinja na zagi. An share hayaƙi daga ƙofar masu bene an tara a tawa, shi ne lafiya?

Auta: Ban ce an yi daidai duka ba. Amma Inna, Baba fa? Shekara talatin yana shaƙar salansar gabansa. Ni na ga hoton ƙirjinsa, ke ba ki gani ba.

Inna: Ni na wanke tsumman da yake tari a ciki, ba sai na ga hoto ba. Kwanansa ne ya ƙare. Kuma farar rigar da kike taƙama da ita, daga cikin wannan salansar ta fito. Kar ki manta.

Auta: Ban manta ba.

Inna: To.

Auta: Yanzu me suka ce?

Inna: Me? Ɗaga murya, wata babbar mota ce ke wucewa. Kin ji ta ko? Ga lafiyar taku nan.

Auta: Na ce me suka ce a yi?

Inna: Wai ko a fitar da ita gari gaba ɗaya, ko a bar musu su matse ta ta zama tarkacen ƙarfe, su ba mu takardar ragi a kan mota mai lantarki. Na ce lantarkin da ko wayata ba ya cikawa? Abokin yayanki ya karɓi irinta, rabin yini yana layin caji, rabin yini yana neman fasinja. Matarsa ta koma gidansu.

Auta: Kar ki yarda da komai tukuna. Gobe ina hutu, zan zo mu je tare.

Inna: Ai na gama da su. Kin san ni. Tun hantsi har la'asar ina tsaye a kan mai hular nan. Ya ce a'a, na ce ban ji ba. Ya tafi salla, na jira shi a bakin famfo. Ƙarshe ya gaji, ya ce, Mama, naki naki ne, duk abin da yake naki a motar nan za a ba ki, sa hannu a nan. Ka ji magana. Inji ai nawa ne. Ko jikin ya tafi, in ciro injina in sayar in mai da na markaɗe.

Auta: Kin sa hannu?

Inna: Na dangwala.

Auta: Wa ya karanta miki?

Inna: Wa zai karanta mini? Gaban mutane zan tsaya in ce ban iya ba? Na riƙe ta na duba sama da ƙasa kamar kowa.

Auta: Yaya fa, yana ina?

Inna: Na kore shi gida tun rana, yana ta huci kamar zai daki mutum.

Auta: Inna, takardar tana wurinki? Wane launi ce?

Inna: Ga ta a bakin zanina. Ja ce. Akwai hoton mota a sama, an ja mata layi biyu, ɗaya ya hau ɗaya.

Auta: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Inna: Mene ne?

Auta: Bayan kin dangwala, sun ba ki wani abu?

Inna: Wata leda. Carbin babanku da ke rataye a madubi, da matashin da yake jingina bayansa, da buta. Na ce inji fa? Ya ce in dawo gobe.

Auta: Shi ne naki naki, Inna. Kayan cikin mota yake nufi. Jar takarda ta matsewa ce, an yi wa mijin abokiyar aikina. Da inji da komai suke haɗawa, ba a cire ko ƙusa, don kar a sa wa wata tsohuwar motar.

Inna: Sabo ne fa. Ledar jikinsa ma ba ta gama fita ba.

Auta: Na sani.

Inna: Ya ce in dawo gobe.

Auta: Takardar ragin za su ba ki gobe.

Inna: Takardar ragi.

Auta: Inna? Kina nan?

Inna: Ina nan. Ina zan je? Yayanki yana tsakar gida yana wanke shimfiɗun ƙafa na motar da ya kwaso kafin su ja ta, wai kafin gobe su bushe. Kar ki kira shi.

Auta: Dole ya sani.

Inna: Ni zan gaya masa. Ni na haife shi. Amma makulli yana hannuna, Auta. Ba su tambaya ba, ni kuma ban bayar ba.

Auta: Abin da ke matse mota ba ya neman makulli, Inna.

Inna: Ke kullum sai kin nuna kin yi makaranta. Tsaya, matar nan ta cikin waya tana magana, wai katina ya kusa ƙarewa. Ji nan. Gobe ki zo da sassafe, kafin su buɗe. Ki sa farar rigar taki, har da agogon ƙirjin. Ki gaya musu ke ma'aikaciyar lafiya ce, dokarku ce, ki ce injin ba ya hayaƙi. Ni ban roƙi kowa ba tun da babanku ya rasu, amma ke in kika ce musu...

Auta: Inna? Inna! Hello?