An Ce Hajara Ta Warke

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, ina gaishe ka da masu sauraro.

Ni malamar makaranta ce a Daura. Shekara uku ke nan da aka cire mini nonon dama a Kano saboda ciwon daji. A gadon kusa da ni akwai Hajara, daga wani ƙauye bayan Sandamu, ita ma na dama aka cire mata. Rana ɗaya aka sallame mu. Likita ya ce mun warke, amma kada mu wahalar da hannun dama, don zai kumbura.

Ni umarnin bai yi mini wuya ba. Akwai famfo a gidana, ɗalibaina kuma sun haƙura da rubutuna na hagu.

Makon jiya na je duba ta, na tarar tana jan guga, hannun ya kumbura har ba ya shiga riga. Na ce, "Hajara, ki yi da hagu mana."

Ta yi dariya ta ce, "Malama, da hagu zan miƙa wa uwar mijina tuwo? Kuma tun da aka ce na warke, matan gidan suka daina karɓa mini daka."

Na zazzage mata duk ilimina na jami'a. Ta saurare ni cikin ladabi, sannan ta ɗauki taɓarya.

Masu sauraro, yaya zan fahimtar da mijinta cewa warkewar da likita ya faɗa ba irin wadda suka sani ba ce, kafin hannun nan ya mutu? Ni dai dabarata ta ƙare.

Taku, Malama Binta, Daura.