Yarinyar da Nake Gani a Tururin Citta

Salama a gare ka mai gabatarwa, da duk masu sauraro. Ni ce Saratu daga Kafanchan.

Maigidana Bulus gyaran batirin mota yake yi, kullum yana narka dalma yana shaƙar hayaƙinta. Mun daɗe da aure ba haihuwa, ni aka yi ta ɗura wa saiwoyi. Da muka je asibiti, likita ya ce lafiyata ƙalau, gubar dalma ce ta taɓa Bulus.

Mamata a Nok ta aiko da citta da zogale daga gonarta, ta ce, "Yanzu shi zai sha, ke ki huta."

Kowace safiya nakan dafa masa. Idan tururi ya tashi, sai in ga wata 'yar yarinya mai wushirya irin tasa tana gudu a gonar Mama, ƙafafunta duk jar ƙasa. Har suna na sa mata, Murna.

Likitocin wannan shiri, ku ba ni shawara. Citta za ta kare shi yana cikin hayaƙin nan, ko sai ya bar sana'ar da ke ciyar da mu?

Ina gaida Bulus a shago. Maigida, Murna tana jira.