Hular Gashi Don Hannun Inna

A wata rumfar kayan kwalliya a Jakara na ji su, mai rumfar da wata mata mai hijabi ruwan toka.

"Malama, ga hular gashi mai santsi, ga mai kitso. Wacce?"

"Ban san kansu ba, yau na fara. Ba ni mai shuku."

"Ke da ke cikin hijabi, wa zai gani? Maigida?"

"Shi ya riga ya gani. Tun da aka fara min maganin ciwon daji, shi ke tsince gashin daga filo."

"Allah sarki. Allah ya ba da lafiya."

"Amin. Don Innata ne, a Koki. Idonta ya tafi. In na durƙusa gaisuwa, sai ta zura hannu cikin ɗankwalina ta ce, wa ya yi miki wannan kitson banza? Wata uku ina ce mata mura nake, ban je ba."

"Ta iya kitso ne?"

"Shekara arba'in tana yi wa amaren unguwa."

"To gaskiya, 'yar'uwa, kar in cuce ki. Raga ce a ƙasa, ba fata ba. Yatsan makitsiya sai ya gane."

"Na san za ta gane."

"To meye amfanin?"

"In ta taɓa kai ƙwal, dole ta yi kuka, ni ma in yi. In ta taɓa wannan, ta san ba na son tambaya. Sai ta kushe kitson kawai, mu ci tuwo."

Mai rumfar ta nuna wata hular da ke rataye.

"To ajiye wannan. Ga wata can, tsagarta a karkace take. Inna ta samu abin faɗa."