Minsharin Gadon Sama

Da jirgin ƙasa mai gadajen kwana ya tsaya a Nong Khai, kan iyakar Thailand da Laos, da safe, Khamla ya taɓa tsohuwar da ke gabansa a layin buga fasfo.

"Gwaggo, mijinki na gadon sama ya hana ni runtsawa da minshari."

"Mijina? Ga shi nan." Ta ɗaga wani ɗan tulu. "Tokar gawarsa ce, zan kai shi garinsu a Laos."

"Toka kika kama wa gado?"

"Ai ba ya iya barci a zaune, yaro."

"To wa ya kwana yana gurnani?"

Tsohuwa ta ƙanƙame tulun.

"Ka ga maƙaryaci! Duk zamanmu, in maƙwabta suka yi ƙorafi, sai ya ce shi ne."