Ƙasar da Surukina Yake Ɗiba

Salama a gare ku cikin sunan Yesu, 'yan'uwa!

Zamanin Turawa ne, ina saurayin ango. Mishan ta ba mu babura, mu masu kai magani da bishara ƙauyukan da ke tsakanin Dutse da Kiyawa. Tare muke fita ranar kasuwa, a jere, saboda rairayi. Dokar tafiyar ita ce dattijo yana ƙarshe da igiya da kayan gyara, ba ya wuce kowa. Dattijon nan kuwa Baba Ɓarau ne, mahaifin matata Saratu, wanda sai da aka kai ruwa rana kafin ya yarda ya ba ni ita.

Kun san kunyar surukai. Ba na kallon idonsa, shi ma ba ya kiran sunana.

Wata rana mun tsaya shan ruwa, na waiga na gan shi ya sunkuya a kan sawun tayata. Ya ɗebi ƙasa, ya murza, ya shinshina. Ni jikan Maguzawa ne, na san abin da ake yi da ƙasar sawun mutum. Na ce a raina, wato tsohon nan bai haƙura ba, sammu zai yi mini.

Daga nan na sa masa ido. Duk inda muka tsaya sai ya ɗiba. Da safe kuma in hango shi a gindin baburina yana taɓe-taɓe, da na fito sai ya yi gaba. In Saratu ta kawo tuwo daga gidansu, sai in ba kare tukuna. Ita kanta na fara zarginta. Na daina ci, na rame, har wando ya daina zama a ƙuguna. Bishara a bakina, tsoro a cikina!

Ran da Saratu ta ce, "Maigida, in ba ka yarda da ni ba, ka mai da ni gidanmu," na shiga ɗaki na durƙusa. Na ce, "Ubangiji, na gaji. In mutuwa ce, a hannunka nake. Ka ba ni bakin tambaya."

A fita ta gaba, da ya sunkuya, na ajiye kunya na je na durƙusa gabansa.

"Baba, me na yi maka kake ɗibar sawuna?"

Sai ya buɗe tafin hannunsa. Ƙasar ta yi baƙi ƙirin, tana maiƙo.

"Baƙin mai ne," ya ce. "Injinka na yoyo kan tayar baya. Kullum ina ɗaure notin wurin, kullum yana kwancewa. Shi ya sa nake duba ƙasa in ga ko ya ƙaru, kafin santsi ya kayar da kai."

"Me ya hana ka faɗa mini, Baba?"

"Da wane bakin? Kai surukina ne." Ya kakkaɓe hannu. "Ba na so 'yata ta zama gwauruwa."

Na fashe da kuka a gaban kowa. A daren nan na cinye tuwon gidansu tas, har na nemi ƙari.

Na gode wa Yesu da ya fisshe ni daga hannun zargi! 'Yan'uwa, ku dogara gare shi, ku kai masa tsoronku kafin ya cinye ku. Ni wanda na ɗauka maƙiyina ne, ashe shi Allah ya sa a bayana. Amin.