Ba Ganganci Ne Ya Kashe Direba Ba

Assalamu alaikum. Malam Liman, Mai Unguwa, shugaban ƙungiyarmu ta masu aikin katako, Hajiya mai ɗakin marigayi, 'ya'ya da dangi, sannunmu da wannan rashi.

Direba muke ce masa, don sai da ya tsufa a tuƙin babbar mota kafin ya zo shagonmu koyon sassaƙa da inji. Ran da ya fara ɗora ƙarfen sassaƙa a kan katakon da inji ke juyawa, katakon ya fizge ƙarfen ya yi jifa da shi bango. Ya ja da baya yana salati, ya ce, "Oga, wannan abin ba shi da birki ne?"

Ya kasance mai tsoron injin nan, bai kuwa ɓoye ba. Ya kasance yana damƙe ƙarfe kamar sitiyari, har yatsunsa su sage. Muka yi ta fama da shi, muna ce masa: sassauta, jingina ƙarfen tukuna, bari katako ya zo maka. Ya lalata katako ba adadi. Ya kasance ba ya kunna inji sai ya ƙwanƙwasa katakon ya saurara ko da tsaga a ciki, sannan ya naɗe hannun riga. A bana ne hannunsa ya faɗa, har 'yan koyo suka koma wurinsa, don shi ba ya tsawa.

To, ga abin da ke cin ranmu. Tun da katako ya tarwatse ya same shi a ka, ake yawo da magana wai shi Direba ɗan koyo ne da ya yi rawar kai. Har an faɗa wa 'ya'yansa. Wallahi ƙarya ce! Mu muka kwance guntun da ya rage a injin. Ruɓa ce a can tsakiya, wadda kunnen kowa ba zai jiyo ba. Inda ƙarfensa ya bi kuwa sumul, ko ƙarzane babu.

Hajiya, ga guntun nan mun kawo. Babban ɗa, zo ka shafa da hannunka. Wannan aikin gwani ne, mu masu sana'ar mun shaida.

Mun gode wa duk wanda ya taka ya zo. Allah Ya jiƙan Direba, Ya yafe masa kurakuransa. Allah Ya sa 'ya'yan nan, duk ran da aka tambaye su yadda ubansu ya rasu, su faɗa ba tare da sun sunkuyar da kai ba. Amin.