Garmahon da Aka Bari Ajiya a Diobu

Shekara huɗu da gama yaƙin basasa, na fake a rumfar wani mai kayan kwance a unguwar Mile 2 Diobu, ina jiran ruwa ya tsagaita. Wani dattijo ya shigo, ya tsaya a gaban wani tsohon garmaho.

"Baba, ka yi sa'a," in ji mai rumfa. "Allura kawai za ka sa masa. Yanzu kowa kaset yake nema, zan yi maka sauƙi."

"Ɗauke faya-fayan nan daga kan murfin. Akwai ƙunar dutsen guga a gefen hagu," in ji dattijon.

Mai rumfa ya ɗauke, sai ga ƙunar.

"Matata ce ta ƙona shi. Wajen maƙwabciyarmu na bar shi ajiya ranar da muka gudu Arewa."

"Baba, don Allah kada mu yi rigima, na gaji. Kowane mako sai wani ya zo ya ce kujerarsa ce, agogonsa ne. Ni saya na yi."

"Ni ma ba ni da ƙarfin rigima. Wa ya sayar maka?"

"Wata Mama Obioma. Sau uku tana kawo shi tana komawa da shi. Sai da aka gaya mata mai shi ya rasu a hanya, sannan ta bar mini, tana kuka."

"Ita ce maƙwabciyar tamu. Ashe tana da rai. Ni kuma an ce mini bam ya faɗa gidan."

"Tana nan tana suyar ƙosai a bayan tasha."

Dattijon ya gyara hularsa. "Sayar da abinka, ɗana. Ta ina ake bi?"